Ƙarƙashin Gidan Baffa Silas

Tsibirin Edisto, watan Mayu

Zuwa ga Odessa, jikar Lemuel,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da yaranki da maigidanki, idan har yanzu yana nan. Ni ne Silas Fripp. Ni da kakanki Lemuel 'ya'yan wa da ƙani ne. Ni ne tsohon nan mai baƙar hula da kika gaisar a wurin jana'izar Goggo Viola bai amsa ba. Ba wulaƙanci ba ne, kunne ne ya mutu, shi ya sa ma ba na waya. Rubutun kuma ki yi haƙuri da shi. Ban taɓa zama a aji ba, jirgin kamun jatan lande ne makarantata. Matata Hattie ce ta koya mini baƙaƙe a teburin kicin, Allah ya ji ƙanta.

Lafiyata ƙalau, in ban da gwiwa, da kunne, da wannan ƙafar da zan ba ki labarinta.

A watan jiya na tashi zan ɗora ruwan kofi, ina taka gaban murhu sai katakon daɓe ya buɗe baki ya haɗiye ƙafata har gwiwa. Nan na zauna kamar an dasa ni, har sai da Polite maƙwabcina, dattijon cocinmu, ya zo aron tsani ya cire ni. Mutumin nan bakinsa ba ya rufuwa. Kafin a gama ɗinke ni a asibiti ya riga ya kira ɗana Darnell daga Atlanta.

Darnell ya zo ya tsaya a kaina yana ihu don in ji.

"Baba, ka gama zama a gidan nan!"

Na ce, "Kai ka haife ni ko ni na haife ka?"

Ya ce, "Ko wa ya haifi wani, daɓen nan ya ruɓe. Ran Idin Godiya zan zo da mota. Na gyara maka ɗaki a sama, har da talabijin."

Ɗaki a sama. Ni da na tashi ina jin ƙamshin fadama in ruwa ya janye, a kai ni in zauna ina kallon rufin motoci. Kuma likita yana bayansa, ya ce in na sake faɗuwa ba lallai in tashi ba. Kin ga ke nan daga yau zuwa ƙarshen Nuwamba ne wa'adina.

A wurin jana'izar na ga ana nuna ki ana cewa aikinki shiga ƙarƙashin gidajen mutane a Raleigh. Na yi mamaki ƙwarai, domin kakanki ko ƙarƙashin gado ba ya shiga neman takalminsa. Ya tafi Philadelphia ana tsakiyar kamu ya bar ni ni kaɗai da jirgi, kuma da kwat ɗina na zuwa coci ya tafi. Ba ke kika ɗauka ba, na sani. Na faɗa ne don ki san ban manta ba.

Ga yadda gidan yake. Mahaifina ne ya gina shi a kan ginshiƙan bulo, daga baya ya zagaye ƙasan da gajeren bango, ya bar 'yan tagogin iska. Ka'idarsa ɗaya ce, Litinin ɗin Ista a buɗe su, ranar yankan alade in sanyi ya shigo a rufe. Duk tsibirin nan haka ake yi, gida sai ya sha iska a lokacin zafi. Ban taɓa tsallake shekara ba. Saboda haka kada wani ya ce sakacina ne.

Abin da nake so kaɗan ne. Ki zo da katako mu toshe ramin, ki rubuta wa Darnell 'yar takarda cewa ke masaniya ce kin duba, daɓe lafiya lau. Maganar mai takardar shaida yake ji, ba ta ubansa ba.

Naki,
Silas Fripp

*

Raleigh, ƙarshen Mayu

Baffa Silas,

Na ji daɗin takardarka ƙwarai, kuma na karanta ta ba wahala, Goggo Hattie ta iya koyarwa. Sannu da ƙafa, Allah ya ƙara sauƙi. Muna lafiya. Maigidan nawa yana nan, sunansa Tobias, tare ma muke aiki, ya ce in gaishe ka in kuma faɗa maka bai da niyyar zuwa ko'ina. Batun kwat, na ba ka haƙuri a madadin mamaci.

Baffa, zan zo, amma ba zan rubuta cewa daɓe lafiya lau ba alhali ban gan shi ba. In na gani ma, abin da na gani zan rubuta.

Ina da tambaya. Akwai injin sanyaya ɗaki a gidan? In akwai, yaushe aka sa shi, kuma yaushe ka fara jin warin fumfuna?

Ga dalilin tambayar. Ka tuna kofin shayi mai ƙanƙara in ka ajiye shi a baranda a watan Yuli. Kafin ka kurɓa sau biyu bayansa ya jiƙe sharkaf. Ba kofin ne ke yoyo ba, iskar ce ɗauke da ruwa, da ta taɓa abu mai sanyi sai ta sauke shi. In akwai injin sanyi a gidanka, daɓenka ya zama kofin nan. Duk ranar da tagogin ƙasa suke buɗe, iskar fadama na shiga tana sauke ruwanta a kan azarar da ke ɗauke da daɓen. Ga kuma ƙasar kanta tana fitar da danshi daga ƙasa.

Ka'idar mahaifinka daidai take a gidan mahaifinka, lokacin da sama da ƙasa duk zafinsu ɗaya. Yanzu kam maganin shi ne a toshe tagogin nan gaba ɗaya, rani da damina, a shimfiɗa leda mai kauri a ƙasa, a lulluɓe bangon, ƙarƙashin gidan ya zama kamar wani ɗaki daga cikin ɗakuna.

Na yi magana da Darnell a waya, mun fahimci juna. Kafin in zo, don Allah kada ka taɓa komai.

'Yarka,
Odessa

*

Edisto, watan Yuni

Odessa,

Bayan gaisuwa. Ƙafa ta warke, sai tabo. Tumatir ya yi kyau bana, kuɓewa kuma barewa ta cinye.

Na karanta takardarki har ta fara yagewa a wurin ninki. "Mun fahimci juna." To madalla. Na nemi mai taimako daga dangi, ashe na ƙara wa Darnell soja ne. Me kuka fahimta? Wa zai ɗauki akwati, wa zai riƙe tsoho? Jinin Lemuel dai jinin Lemuel ne.

Injin sanyi kuwa akwai shi. Darnell ne ya kawo a shekarar da Hattie ta kwanta ciwo. Warin kuma bayan nan ya fara, na tuna sarai, domin Hattie ta yi ta cewa na ɓoye kifi a ɗaki. Kin ga ke nan ko a bakinki laifin Darnell ne, wannan kam na yarda da shi. Ban ce zan kashe injin ba. Likita ya hana, kuma mutum ya saba.

Amma a toshe tagogi? Na karanta wa Polite wurin, ya yi dariya har ya riƙe ciki.

Ya ce, "Silas, wannan 'yar taka mai gyaran gida ce ko mai haɗa akwatin gawa?"

Na ce, "Kai ka rufe mini baki, ba kai ka jawo duk wannan ba?"

Ya ce, "Da na bar ka a ramin da yanzu ka yi saiwa."

Mutumin banza ne, amma a nan yana da gaskiya. Rigar da ta jiƙe shanya ta ake yi, ba a ƙulle ta a leda. Ni da na yi shekaru ina busar da raga ba za a koya mini aikin iska ba. In ƙarƙashin gidana ya jiƙe, iskar ce ta yi masa kaɗan.

In za ki zo da katako, ki zo. In da leda za ki zo, ki kai wa Darnell ya naɗe talabijin ɗinsa.

Silas Fripp

*

Edisto, watan Agusta

Odessa,

Ina gaishe ki. Ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Kullum in mai kawo wasiƙu ta wuce sai in fita in duba akwati, ba komai sai tallan masu sayen filaye. Ban ce ina jiran takardarki ba. Duba akwati dai al'adata ce.

Tunda ba ki amsa ba, na yi abin da na ga ya dace. A watan Yuli na ɗauki guduma na fasa ƙarin kafofi a bangon ƙarƙashin gidan, ta gabas da ta wajen fadama, manya, har kare na iya shiga. Polite yana zaune a inuwa yana cewa in ƙara faɗi. Iska kam ta shiga, har ana jin ta a ƙafa.

Yanzu ga abin da ake ciki. Shekaranjiya na durƙusa na haska tocila ta ɗaya daga kafofin. Ruwa ne reto a jikin azara, ɗigo-ɗigo a jere, ga shi ba a yi ruwan sama ba. Audugar nan ruwan hoda da aka cusa tsakanin katako don tare sanyi duk ta zazzago tana lilo kamar jiƙaƙƙen bargo. Takalmana na coci sun yi kore a cikin kabad. Na buɗe kwalin hulunan Hattie, waɗanda take sawa ran Lahadi, na tarar fumfuna ta hau su. Na fitar da su baranda na goge ɗaya bayan ɗaya. Mai gashin tsuntsun ba ta gogu ba.

Ƙafar gadon ɗakin baya kuma ta fara nutsewa. A ɗakin nan aka haife ni.

Ban ce kina da gaskiya ba. Mai yiwuwa bana ce ta fi kowace shekara laima. Amma in kin fasa zuwa saboda maganar da na yi kan jinin Lemuel, to ki sani shi ma yana da nasa kirkin. Ya iya waƙa, kuma ya taɓa fitar da ni daga ruwa.

Nuwamba na matsowa. Ba ni da wanda zan rubuta wa sai ke.

Silas

*

Raleigh, ƙarshen Agusta

Baffa,

Ka yafe mini. Ba fushi na yi ba. Ƙaramin ɗana aka yi wa aiki a ciki, ciwon ya dawo, muka daɗe muna jigila tsakanin gida da asibiti. Ya samu sauƙi yanzu, har ya koma cin abincin mutum uku. Takardunka biyu tare na karanta su, na yi dariya a ta farko, ta biyun ta sa ni kuka.

Abin da muka fahimta da Darnell shi ne ba zai taɓa ko cokali a gidanka ba sai na zo na duba. Na ce masa in gidan zai gyaru zan faɗa, in ba zai gyaru ba ma zan faɗa. Shi ne ma ya ce in an tashi aiki shi zai sayi kayan. Ba maƙiyinka ba ne, Baffa. Tsoro yake ji.

Yanzu ka ajiye gudumar nan. Ka ba Dattijo Polite ajiya, ko a'a, kada ka ba shi, ka jefa ta a fadama. Ka toshe kafofin da duk abin da ka samu, ko da tsofaffin buhuna ne. Kada ka kwana a ɗakin baya.

Muna tafe ni da Tobias a tsakiyar Satumba. Na ji ana labarin jar shinkafarka a wurin jana'iza. Ina so in tabbatar.

'Yarka,
Odessa

*

Edisto, watan Oktoba

'Yata Odessa,

Gaisuwa gare ki da Tobias da yara, musamman mai cin abincin mutum uku. Ina fatan kun isa lafiya, bayanki kuma ya saki. Ni lafiya lau. Tarin safen nan ma da nake yi ya ragu, ban san dalili ba, kada ki ce leda ce.

Kin tafi ban faɗa miki wasu abubuwa ba, domin bakina bai saba ba. Fensir ya fi ni ƙarfin hali.

Ranar da kuka iso, da na ga kin fito daga mota 'yar firit da ke, na ce a raina wannan ko kaza ba za ta iya kamawa ba. Sai kika sa rigar aiki, kika ɗaura takunkumi da fitila a goshi, kika kwanta rub da ciki kika shige ta ƙofar da ni kaina na daina shiga tun Hattie na da rai. Ko tambayar maciji ba ki yi ba. Ina zaune a kan bokiti ina jin ƙwanƙwasarki a ƙarƙashin ƙafata, daga kicin zuwa falo zuwa ɗakin baya, kina soka sukundireba a kowace azara kamar mai zaɓen kankana. Da kika fito, laka har gira, abin da kika fara cewa shi ne, "Baffa, wa ya sare katakon nan? Ban taɓa ganin irinsa ba." Mahaifina ne, da gatari, daga zuciyar itace. Kika ce da katakon yanzu ne da tuni gidan ya zauna a ƙasa. Na juya na ce zan duba shinkafa. Shinkafar ba ta buƙatar dubawa.

Na yi aiki da maza masu ƙarfi a teku, amma ban ga mai haƙurin da kika yi ba. Kwana da kwanaki a kwance, wurin da mutum ba zai iya ko zama ba. Kun jawo ruɓaɓɓiyar audugar nan buhu-buhu. Kun ɗaga kicin da jak irin na ɗaga mota, kun haɗa wa kowace azara mai ciwo sabuwa a gefenta kun ɗaure su tare. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shimfiɗar ledar. Na zaci jefa ta za ki yi kamar tabarma. Ashe kowane gefe sai ya hau kan ɗan'uwansa, ki goge, ki manne, ki bi da tafin hannu, ki naɗe kowane ginshiƙi kamar ana ɗaure wa jariri zani. Wurin da ba wanda zai taɓa gani, can ƙuryar da ko ɓera sai ya sunkuya, nan ma haka kika yi. Na sani domin na leƙa da tocila ina neman inda za ki yi ha'inci in kama ki. Ban samu ba.

Kafofin da na fasa kuwa, kin toshe su ba ki yi mini gori ba. Tobias ne kawai ya ce, "Baffa, wannan aikin guduma ne ko igwa?" Ki faɗa masa na ji shi. Kunnen yana zaɓen abin da zai ji.

Ran Lahadi bayan coci Polite ya zo ganin akwatin gawa, in ji shi. Na buɗe masa 'yar ƙofar na kunna fitilar da kika sa. Ya durƙusa ya daɗe yana kallo, fari fat, allunan soso a jikin bango, injin tsotse laima yana gurnani a hankali.

Ya ce, "Silas, nan ai ya fi falonka tsabta. Ka sauko da gadonka mana."

Na ce, "In na sauko kai za ka hau sama ka cinye mini abinci."

Sai ya hango ratar nan da kika bari a saman bango, faɗin tafin hannu, inda bulo yake tsirara. Ya yi tsalle kamar ya tsinci kuɗi.

"Ka gani! Ledar ba ta isa ba, ta yi maka ƙwange!"

Na ce, "Jahili. Da gangan ne. Nan ne za a ga hanyar gara in ta taso. In an rufe duka, ta ina za ka gan ta, ta cikin hancinka?"

Na kai shi bayan gida na nuna masa bututun da ke ɗigar da ruwan da injin ya tsotso. Na sa gwangwani a wurin, kullum sai ya cika, ina ba tumatir. Ya tsaya yana kallo yana sosa ƙeya. Da zai tafi ya ce, wai ba don kansa ba, wata 'yar'uwarsa ce ke tambaya, ko kina zuwa aiki nesa. Ba shi da wata 'yar'uwa. Duk sun rasu, ni da shi muka binne su.

Abu ɗaya ne ya hana ni sakewa. Ɗakin baya. Kin ce azararsa ta wuce gyara sai an ɗaga daɓen gaba ɗaya, kin kuma buga katako a ƙofar. Na roƙe ki a baranda kada ki faɗa wa Darnell, kika ci gaba da shan shayinki. Ina sake roƙo. Yaron nan in ya ji kalmar ruɓa sau ɗaya, ba zai ji sauran ba.

Baffanki,
Silas

*

Raleigh, farkon Nuwamba

Baffa,

Muna lafiya, baya ya saki. Na adana takardarka a inda yara ba za su taɓa ba. Shekara da shekaru ina wannan aiki, ba wanda ya taɓa leƙawa ya ga ƙuryar da ka gani.

Na faɗa wa Darnell komai, har ɗakin baya. Na ce kicin da falo da ɗakin kwananka za su ɗauki mutum goma suna rawa. Na ce ɗakin baya ba ya shiguwa sai mun dawo bayan sanyi, in katakon ya gama bushewa. Na san za ka yi fushi. Amma in na ɓoye masa ɗaya ya gano, ba zai yarda da sauran ba, kuma ni ma ba zan iya barci ba.

Ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce dai yana nan zuwa ran Idin Godiya kamar yadda ya faɗa.

Kada ka cire katakon ƙofar nan. Kada ka kashe injin tsotse laima don wai yana cin wuta. Jar shinkafar kuwa, ba a yi ƙarya ba.

'Yarka,
Odessa

*

Edisto, ƙarshen Nuwamba

Odessa,

Bayan gaisuwa. Na yi fushi da ke na kwana biyu, na uku na gaji. Sanyi ya shigo. Abin mamaki, bana daɓen ba ya cizon tafin ƙafa da safe.

Darnell ya zo ran Laraba da rana. Ina baranda na ga ya buɗe bayan mota ya fito da manyan akwatuna biyu. Yadda yake lilo da su na san ba komai a ciki. Ya ajiye su a bakin matakala. Ban ce masa sannu da zuwa ba.

Ya shiga gida ya yi ta zagaye. Kin san shi ƙato ne, ya gaji jikin dangin uwarsa. Ya tsaya gaban murhu ya yi tsalle, kwanuka suka yi ƙara, daɓe ko motsi. Ya je ƙofar ɗakin baya ya tsaya yana kallon katakon da kika buga. Sannan ya fito.

"Baba, Odessa ta ce ɗakin nan ya ruɓe."

Na ce, "Ta faɗa mini ni ma. A gabana ta faɗa, ba a bayana ba."

"In ka manta ka shiga fa?"

"In manta in ɗauko guduma in cire katako in shiga? Wannan ba mantuwa ba ce, aiki ne."

Bai yi dariya ba. Ya ce ya riga ya sayi labulen ɗakin da ya gyara mini a Atlanta. Sai na ce masa, "Ji nan, yaro. Ba za ka yanke wa gidan kakanka hukunci daga sama ba. Mace ta yi kwanaki a kwance a ƙarƙashinsa. Ka shiga ka gani da idonka, in ka fito ka ce in tafi, zan shiga motarka da ƙafata." Na faɗa, kuma da gaske nake. Na cusa hannuna a aljihu.

Ya dubi wandonsa na ofis, ya dubi 'yar ƙofar. Ya tuɓe agogo ya ba ni. Da ƙyar ya shige, sai da na ɗan tura shi da ƙafa. Ina jin sa yana ja da ciki yana nishi, ya bi ta kicin, ya yi falo. Can sai na daina jin komai. Ya daɗe har na fara tunanin ya maƙale, in kira Polite, duniya ta ji.

Da ya fito, ya miƙe ya karkaɗe gwiwa, ba abin karkaɗewa. Ya shafa wandon ya dubi tafin hannunsa. Ya ce, "A bushe yake." Na ce, "Na sani." Ya ce, "Akwai sawun gatari a jikin azarar." Na ce, "Na sani." Ya zauna a matakala kusa da akwatunansa, ni ma na zauna gefensa. Sai ya ce yunwa yake ji.

Ran Alhamis, ranar idin, mun ci abinci, mu biyu da Polite, wanda ba a gayyata ba. Ba wanda ya ta da maganar Atlanta. Na kasa cin kirki, ina jira.

Ran Juma'a da safe na fito na tarar da shi a rumbun bayan gida, akwatunan nan biyu a buɗe, yana cika su da dankalina. Na tsaya ina kallonsa. Bai ɗago ba. Ya ce, "Ba zan koma da su fanko ba, mutane za su yi mini dariya." Ya zuge, ya kai mota, ya dawo ya rungume ni har ƙashina ya yi ƙara. Ya yi ihu a kunnena, "In Odessa za ta dawo gyaran ɗakin baya ka sanar da ni. Zan ɗauki hutu in riƙe mata leda."

Ya tafi. Ina nan.

Sai da ƙurar motar ta kwanta na je rumbu na duba. Duk manyan ya zaɓe, masu jan ciki, waɗanda na ware miki. Ƙanana ya bar mini, masu kama da yatsa. Haka yaron nan yake tun yana ƙarami. Za ki ci su haka nan in kin zo, kuma kada ki makara, domin a watan Maris nake shuka.

Baffanki,
Silas Fripp
a gidansa, Edisto